Ƙahon Gidanmu Ba Kifsek Ba Ne

Daga Bukar dillalin banda a kasuwar Haɗeja, zuwa ga ɗana Adamu a birnin Kano. Gaisuwa mai yawa, tare da roƙon Allah ya sa ka sauka lafiya, ya tsare ka daga sharrin birni na fili da na ɓoye, ya sa ka faɗa hannun mutanen kirki. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka.

Labarin gari ba zan ɓata tawada a kansa ba. Malam Sale da ya kawo maka takardar nan, tun da yake kai mini banda Kano ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba, sai ka tambaye shi wa ya haihu, wa ya mutu. Ni magana ɗaya ce ta zaunar da ni, kai ma ka nemi wuri ka zauna, don ba gajera ba ce.

Ƙahon su, wato kamun kifin gayya, na gidanmu yana cikin akwatinka. Ka je ƙauye sallama, ka ce wa babanka Modu, yayana, za ka kai shi Kano dukawa su sake masa fata, tsohon nan ya ɗauko ya ba ka har da sa albarka. Tun da na ji haka hancina ya ɗauki wari. Na ce ikon Allah, ashe dukawan Haɗeja sun ƙare ban ji ba. Amma na ce wataƙila ɗan boko ya ga wani ɗinki a birni da ya fi namu. Sai shekaranjiya ina cin tuwo innarka ta ce, "Malam, wai mene ne kifsek?"

Na tsame hannu daga kwano. Na ce, "A ina kika ji wannan?"

Ta ce, "A bakin Adamu. Ya ce Baturensa zai tafi ƙasarsu hutu, yana so ƙahon ya zama masa kifsek. Ni na zaci wata sarauta ce za a naɗa wa ƙahon."

Na ce mata sarauta ce, irin wadda in an naɗa wa abu ba a sake ganinsa.

Adamu, kai ba ɗan fari ba ne, ba kunyarka nake ji ba, don haka zan kira sunanka in gaya maka magana yadda take. Ka tashi a gari, makaranta ta cinye maka lokacin su, bari in tuna maka abin da ka ɗauka kamar kayan wasa. Idan kogi ya malala fadama da damina, ya zo ya ja baya, kifi yakan taru a tafkin Baƙin Marke. Daga nan tafkin ya haramta, ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar su. Ran nan mutanen ƙauyuka su kewaye ruwa da gorunansu da homa, ba mai motsi sai babban gidanmu ya busa ƙahon nan na gwanki. A da abu biyu ne a hannunmu: ƙahon, da zago, wato tsohon mashin kifi mai kunne da ake taɓa ruwa da shi kafin a busa. Kai ba ka taɓa ganin zagon ba. Ni ne dalili, kuma duk ƙauye sun sani, ba asiri nake tona maka ba. Yadda aka yi ne ba ka sani ba.

Ina saurayi lokacin. Na baro elemantare ban gama ba, amma na fito da Turancin da ya ishe ni cika baki a kasuwa. Wani Bature ya zo rangadi yana auna inda ruwa ke kaiwa, muna ce masa Mai Lofe, don lofe ba ya barin bakinsa ko magana yake yi. Tafintansa ya kwanta da zazzaɓi, Bulama ya ce ai ga Bukar ɗan boko. Aka tsayar da ni gefen kujerarsa ranar su. Da ka ga tafiyata ran nan, sai ka ce ni na haƙa tafkin.

Yaya Modu ya shiga ruwa har cinya, ya yi bisimilla, ya taɓa ruwan da zago, ya busa ƙaho, jama'a suka auka. Mai Lofe ya cire lofen daga bakinsa, abin da ban taɓa gani ya yi ba, ya ce in kawo masa ƙarfen nan ya gani. Ni da ƙafata na je na karɓo daga hannun Yaya. Bature ya jujjuya shi, ya shafa kunnuwan, ya tambayi shekarunsa, na ce ya girmi ganuwar gari, don dillali ba ya rasa ƙari. Ya ce bai taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba.

To me ɗan halak yake cewa in babba ya yaba abinsa? Na ce, "Ai naka ne, ranka ya daɗe." Na kuma maimaita da Turanci, da ƙarfi, don jama'a su ji Turancin.

Ka san yadda wannan magana take a wurinmu. Hakimi ya taɓa yaba goɗiyar kakanka, kakanka ya ce tasa ce. Hakimi ya ce, "Na karɓa, na gode, ka ci gaba da riƙe mini ita," ya aiko da goro da yamma. Kowa ya fita da mutuncinsa, goɗiya ta kwana a turkenta. Haka ake yi tun kafin a haife mu. Mai abu ya miƙa, babba ya mayar. Ni na miƙa, ina jiran mayarwa. Mai Lofe ya ce tankiyu, ya ce wannan zai zama masa kifsek na fadamar Haɗeja, ya kira kukunsa ya ce a naɗe a bargo.

Yaya Modu ya fito, wandonsa yana ɗigar ruwa. Ya ce, "Bukar, me ya ce?"

Na ce, "Ya ce ya gode."

Ya ce, "Madalla. To ya miƙo."

Na ce, "Yaya, ka bar mini wannan. Ba ka san sha'anin Turawa ba."

Ai da gaske nake. A cikin kaina kasuwa ce ke ci. Na ce yaba kyauta tukwici, wanda ya karɓi zagon gida guda ai ya zama ubangida ke nan har abada. Na ga kaina masinja da jar ɗamara, na ga Yaya Modu yana gode mini. Da safe da za su tashi Mai Lofe ya kira ni, na je ina gyara hula. Ya ba ni hotonsa. Hotonsa, Adamu, yana zaune da lofe a baki. Wai ni ma ga nawa kifsek ɗin. Ya tafi da ƙarfen da ƙauyuka ke jira, ya bar mini takarda mai gashin baki.

Ga abin da nake so ka riƙe a nan. Ladabinmu lugude ne, sai da mutum biyu: wannan ta ɗaga taɓarya, waccan ta sauke. In ka yi lugude da wanda bai iya ba, hannunka zai daka. Kada ka taɓa ce wa Bature "naka ne" sai in da gaske ka shirya rabuwa da abin. In ya yaba rigarka, ka ce ka gode, ka ce a kasuwa kaza ake sayarwa. In ya yaba abin gidanku, ka ce haka ne, yana da kyau, ka yi shiru. Shirun zai yi maka nauyi, za ka ji kamar ka yi rashin tarbiyya. Ka daure. Shi bai ma san ka bar wani abu ba.

Da ruwa ya sake ja baya, mutanen gidan Jatau, da suka daɗe suna kallon tafkin nan da ido ɗaya, suka kai mu gaban Bulama. Tsoho Jatau bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tambaya ce ta kawo ni. Wanda ya kyautar da ƙarfen ruwa, zai iya riƙe ruwan?"

Bulama ya dubi Yaya Modu, Yaya ya dubi ƙasa. Ni na buɗe baki zan yi bayani, Bulama ya ce, "Tafinta, yau da Hausa ake yi, huta." Ya yanke cewa daga ran nan gidan Jatau ne za su taɓa ruwa da mashinsu, su ne da kifin farko. Sa'an nan ya ce, "Ƙaho yana hannun Modu, ba zan ƙwace ba. Ranar da suka kyautar da shi shi ma, ku dawo."

Bulaman ya rasu, amma ɗansa ne a kan buzun, kuma 'ya'yan Jatau sun haddace maganar nan fiye da yadda suka haddace Fatiha. Wannan shi ne abin da ke cikin akwatinka. In ranar su ta zo Yaya Modu ya tsaya bakin ruwa hannu wofi, gidanmu ya fita daga tafkin Baƙin Marke ke nan, mu koma masu jiran busar wasu. Kuma ruwa ya fara ja, ranar ba ta da nisa.

Babanka Modu bai zage ni ba, da ma ya zaga. Sunana kawai ya daina kira. Har yau in na je ƙauye sai ya ce, "A kawo wa Tafinta ruwa." Gemuna ya yi fari, ina da jikoki, ni ne Tafinta.

Wauta ta biyu, na ce zan bi sawu. Na haɗa guzuri na tafi Kano, ina cewa in na tsaya gabansa na yi masa bayani zai mayar, ko kuwa ya ba ni aikin da zai wanke ni a gida. Na zauna ƙofar ofis har masu gadi suka fara aikena sayen goro. Daga ƙarshe wani akawu ya ji tausayina ya ce mutumin ya koma ƙasarsu, ba zai dawo ba. Na ce to wanda ya gaje shi fa? Aka shigar da ni. Sabon ya saurare ni yana duba agogo, ya ce shi bai san wannan magana ba, kuma abin da mutum ya bayar da bakinsa a gaban shaidu ai kyauta ce. Ka ji fa. Shari'ar ma ta iya fita daga bakinsu sumul in ta zo gefensu. A wurinmu wanda ya gaji kujera ya gaji alkawarin da ke kanta. Su kujera kawai suke gada.

Don haka kada ka gina rumbunka a kan Bature ɗaya. Ka ga tsuntsayen nan da ke sauka fadama da sanyi, su cika ruwa har ka ce sun zama 'yan gari, su ci shinkafa su yi ƙiba, wata safiya ka tashi babu ko ɗaya? Ba mugunta ba ce, gidansu ba nan ba ne. Yi masa aiki da gaskiya, kwashi abin da ke kansa, koyi bugun keken rubutu, koyi yadda suke tsara magana a takarda, don wannan in ya shiga hannunka jirgi ba ya tafiya da shi. Amma ubangida irin wanda zai zo sunan ɗanka, ya tsaya a jana'izarka, nemi wannan cikin waɗanda za a binne a ƙasar nan.

A hanyar dawowa na sauka tashar Malam Madori, na shiga kantin kamfani in huta. Akawun kantin wani Tomas ne, mutumin Saliyo, mai son tarwaɗa kamar ransa, ni nake zaɓar masa mai kyau. Ya ga fuskata ya ce, "Malam Bukar, wa ya mutu?" Na kwashe labari na gaya masa. A nan ne na yi tambayar da ya kamata in yi tun a bakin tafki, girman kai ya hana ni, don kada Bature ya gane Turancina bai kai ba. Na ce, "Tomas, don Allah mene ne kifsek?"

Ya ce kalma biyu ce aka ɗinke. Ta farko riƙewa ce. Ta biyu kamar yadda mu muke cewa don albarkacin wane. Wato abin da ka riƙe don albarkacin wanda ya ba ka. Ya ce asalinta daga rabuwa ne: mutum zai shiga jirgin ruwa ko zai tafi yaƙi, ba a san dawowarsa ba, sai uwarsa ko matarsa ko amininsa ya ba shi ɗan wani abu, ƙyalle, ko zobe, ko silin gashi a naɗe, don in ya duba ya tuna mai bayarwa. Na ce gashi? Ya ce gashi. Na ce a garinmu wanda aka kama da gashin wani a aljihu sai ya yi wa alƙali bayani.

Ya yi dariya, ya sa hannu a aljihun ƙirji ya fito da wani ɗan matajin katako, haƙoransa rabi sun karye. Ya ce na uwarsa ne, ta ba shi ranar da ya bar gida. Ya ce, "Kai dillali ne. Yi masa kuɗi."

Na ce, "Ko a ƙasa na gan shi ba zan sunkuya ba."

Ya ce, "To shi ne kifsek. A wurina ya fi kantin nan. A wurinka itacen hura wuta ne. Kuma da ta ba ni, ba wanda ya rasa komai."

Na ce, "In kuma abu ne da gari guda ke jira kafin su ci abinci fa?"

Ya duba ƙofa, ya mayar da matajinsa aljihu. Ya ce, "Wannan ma yana da suna a Turanci. Amma ba a cikin kantin kamfani zan faɗa ba."

Adamu, tun daga Kano ban yi fushi ba, kunya kawai nake ji. A kantin nan ne fushin ya zo, kuma har yau bai tafi ba. Da na ɗauka mutumin bai sani ba ne, baƙo ne, an ba shi ya karɓa. Ashe a harshensa ma akwai iyaka, kuma ya san ta. Yana zaune a kujera ya ga ɗaruruwan mutane sun tsaya cik suna jiran ƙarfen nan ya taɓa ruwa. Makaho ne? Ya ga fuskar Yaya Modu. Albarkacin wa ya riƙe zagon, shi da ko sunana bai tambaya ba, "kai" yake ce mini? Ya ɗauki kalmar da aka yi wa uwa da ɗanta ya lulluɓe abin da ya yi da ita, kamar mai rufe rubabben kifi da sabon ganye. Yanzu zagon kakanninmu yana rataye a bangon wani ɗaki, in bai faɗa hannun magada sun jefar ba, baƙi suna shan shayi suna tambaya wannan na kashe mene ne.

Ka koyi tambaya, ɗana. In kalma ta fito daga bakinsu mai taushi, wannan ce za ka juya ka duba cikinta, yadda nake juya banda in duba ko ƙwaro ya shiga. Kada ka tambayi mai maganar, ka tambayi wanda ya daɗe cikinsu amma ba nasu ba. Wanda ya ce bai sani ba ya ji kunyar rana ɗaya. Ni na ƙi jin ta, ga ni ina jin ta da furfura.

Wauta ta uku ita ce wadda na fi jin daɗinta lokacin da nake yi, shi ya sa ta fi muni. Na ce tunda tsohon ƙarfe suke so, za su sha tsohon ƙarfe. Na je maƙera aka buga mini zaguna, na binne su a laka bakin kogi har suka yi tsatsa, na rataye su kan hayaƙin banda, na shafe su da man kifi. Duk Baturen da ya sauka bariki sai in je gaisuwa da abu a naɗe, in yi fuskar tausayi, in ce na kakana ne, yunwa ce ta sa. Na sayar da zagon kakanmu har ban san adadi ba. Akwai wanda na gaya masa an kashe dorina da shi, ya riƙe hannuna yana godiya. Ina fita bariki ina dariya, ina cewa na rama.

Ban rama komai ba. Labari ya kai Kano cewa a Haɗeja akwai tsofaffin kaya. 'Yan koli suka fara zuwa suna bi gida gida, su kuwa ba na bogi suke nema ba. Mata suka fito da tasoshin iyayensu, aka kwashe akusa, aka kwashe mundaye. Goggonka Fanna ta ba da munduwar uwarmu aka ba ta kwanon sha mai fure, ta zo tana nuna mini wai ta ci riba. Ban ga laifinta ba, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma na san wanda ya tsaga. Ran nan na zubar da sauran zagunan a kogi.

Ba don tausayinsu nake hana ka cuta ba, kada ka ɗauke ni waliyyi. Cuta kasuwa take buɗewa, kasuwa kuma in ta buɗu ba ta tambayar wanda ya kafa ta. Fushi ma haka. Riƙe shi a ciki ya zama maka ido, kada ka mai da shi sana'a.

Na san abin da za ka ce, don ni na haife ka. Za ka ce naka Baturen daban ne: yana jin Hausa, ya ci tuwo a gidanmu da hannu, shi ya ɗauke ka daga bin sa fadama da sandar awo ya kai ka ofis. Ban musa ba. Na gan shi, ya gaishe ni har da cire hula, ya tambayi ciwon ƙafata. Za ka ce ka riga ka yi alkawari, alkawari kuwa kaya ne. Haka ne, amma kayan wa? Ba a alkawari da akuyar maƙwabci. Ƙahon nan ba naka ba ne, ba nawa ba ne, ko Yaya Modu riƙo yake yi. Za ka ce in ka janye zai kore ka. Wannan ita ce maganar da ke cikinka ta gaskiya, sauran ado ne. Ni ma ba na so a kore ka. Na sha rana a kasuwa kafin ka kai inda ka kai, ba zan so ka dawo kana ƙirga tarwaɗa ba in da hali. Don haka ji yadda za a yi, kuma kada ka ƙara dabararka a kai.

Da farko, ka ɗauki ƙahon ka kai wa dukawa su sake masa fata da gaske. Babanka Modu yana zaune ƙofar gida yana gaya wa duk mai wucewa cewa ɗansa ya kai ƙaho birni a yi masa sabuwar riga. Bai san komai ba, kuma ba zai ji daga bakina ba. Ka mai da ƙaryarka gaskiya tun ba a kama ta ba. In an gama ka damƙa wa Malam Sale hannu da hannu, ya taho da shi a komowarsa.

Na biyu, Malam Sale zai ba ka ƙunshi. Ƙaho ne, sabo. Na samo shi wurin Arɗo, na wani jan bijimi ne, aka huda shi, aka gyara bakinsa, baduku ya yi masa fata ja da kore da tuntaye. Na busa shi da kaina, muryarsa ta kai bakin kogi. Ba zan ɓoye maka ba, da aka kawo shi hannuna ya yi ƙaiƙayi. Hayaƙin banda yana nan, laka tana nan, na san yadda zan mai da shi ya girmi kakan kakanka kafin Juma'a, kuma Baturenka ba zai taɓa ganewa ba. Na zauna na dube shi, na bar shi yadda yake.

Ka kai masa da rana, a gaban mutane. Ka ce masa wancan na gari ne, ana jiransa a bakin ruwa, ka yi kuskure da ka yi alkawari da shi. In kana jin nauyi, ɗora mini laifin, ka ce ubanka wani rigimammen tsoho ne, ba ƙarya ka yi ba. Sa'an nan ka ce wannan sabo ne, ba wanda ya taɓa riƙe shi, dominsa aka yi, daga gidan da ya ci tuwo. Ka miƙa masa, kada ka sunkuyar da kai. Dubi fuskarsa yadda na koya maka duban mai saye, ba bakinsa ba, idonsa, a daidai lokacin da ya ji kalmar sabo.

In idonsa ya yi haske ya karɓa, to ku yake so ya tuna, kifsek yake nema na gaskiya. Ka yi masa aiki da zuciya ɗaya, ka rubuto mini, ni kuma in yarda cewa akwai ɗaya a cikinsu da na yi wa mummunan zato. In kuwa ya juya shi ya ajiye, ya ce ai tsohon yake so, to ka gane ba kai ne a ransa ba, bangon ɗakinsa ne. Kada ka yi masa rashin kunya. Ka ce ka ji, ka ba shi haƙuri, ka koma teburinka. In ya kore ka a kan haka, ka hau jirgi ka taho. Rumfata tana da wurin mutum biyu, kuma ba wanda zai ce maka komai a garin nan sai sannu da zuwa.

Ko ya karɓa ko ya ƙi, tsohon ƙaho ya taho da Malam Sale. In Malam Sale ya sauka hannu wofi, ni zan zo. Ka san ni, ka san bakina, kuma Turancina bai mutu duka ba. Zan tsaya ƙofar ofis ɗinku in yi wa Baturenka bayani da kaina, da ƙarfi, don jama'a su ji.

Allah ya tsare ka, ya tsare hannunka daga abin da ba naka ba, ya tsare bakinka daga abin da ba za ka iya mayarwa ba. Allah ya ba ka farin jini wurin na sama da kai, ya hana ka raina na ƙasa. Ka riƙe salla, ka rage yawo, ka ci abinci. Allah ya dawo mana da kai lafiya, ya sa mu gana da alheri. Amin.

Wassalam. Ni ne ubanka, Bukar.